Litmos, takardar pH, metil orenj, mita ko zoɓo: wanne malamin kemistiri zai fara saya?

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma yake koyar da kemistiri a wata sakandare, ya kira ni daga cikin shagon kayan kimiyya. An ba shi kuɗin sayen kayan gwaji, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, mai shago kuma yana ta yaba masa wata mitar pH mai batir. Ya ce, "Malam, in na ɗauki mitar nan kuɗin sun ƙare, in na bar ta kuma gani nake na bar kayan zamani." Na ce masa ya ajiye ta tukuna, ya zo gida mu zauna. Abin da muka tattauna ne na rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai yake wannan tsaka mai wuya ba.

Sai mu fara daidaita fahimta. Asid shi ne abin da yake sakin H⁺, wato ƙwayar haidirojin mai caji, idan ya shiga ruwa, bes kuma shi ne mai karɓar wannan H⁺ ɗin. Bes ɗin da yake narkewa a ruwa ya saki OH⁻ shi ake kira alkali. Idan suka haɗu sai su kashe kaifin juna, a sami gishiri da ruwa. Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya fito da shi a 1909 a ɗakin gwajin Carlsberg da ke Kofanhagen, yana tafiya daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 asid, sama da 7 alkali, 7 kuma tsakiya. Abin da yara suka fi mantawa shi ne kowane taki ɗaya ninki goma ne. Ruwan lemon tsami yana wajen 2, nono mai tsami yana wajen 4, ke nan H⁺ ɗin lemon tsami ya ninka na nono kusan sau ɗari, ba sau biyu ba.

Ma'aunan da za a yi zaɓi da su

Na farko kuma mafi girma: wace tambaya kake so kayan ya amsa? A darasin asid da bes tambayoyi uku ne, kuma daban-daban suke. Akwai "wannan asid ne ko bes?", akwai "ƙarfinsa nawa ne?", sannan akwai "a wane ɗigo ne asid ya gama cinye bes?", wato tambayar taitareshan, gwajin da ake ɗiga asid a kan bes kaɗan-kaɗan har su cinye juna. Yawancin asarar kuɗin da nake gani tana zuwa ne daga sayen abin da yake amsa tambaya ta biyu alhali ta uku ce za ta fito a jarrabawa.

Sai kuɗi, kuma ba kuɗin ranar saye kaɗai ba, har da abin da kayan zai riƙa ci duk zangon karatu. Sai ƙarko a irin yanayinmu: zafin bazara, laimar damina, ƙurar hunturu, ga ɗakin gwajin da ba firji, wuta kuma sai an gan ta. Sai sauƙin aiki, wanda ni nake auna shi da aji mai yara sittin da darasi na minti arba'in, ba da malami shi kaɗai a kan teburinsa ba. Na ƙarshe haɗari, don hannun yara ne zai taɓa.

Takardar litmos

Litmos rini ne da ake samu daga wani tsiro mai kama da gansakuka da yake fitowa a jikin duwatsu da itatuwa. Shuɗiya tana komawa ja a cikin asid, ja tana komawa shuɗiya a cikin alkali. Tambaya ta farko kawai take amsawa, kuma ko a nan tana da makanta: launinta yana juyawa ne sannu a hankali tsakanin pH 4.5 da 8.3, don haka abin da yake kusa da tsakiya, irin madarar shanu sabuwar tatsa, ba ya ba da amsa ƙarara. Ruwan batir da ruwan tsamiya duk ja za ta nuna maka, alhali ɗaya ana kunu da shi, ɗaya yana cin fata.

Duk da haka ba a yin ɗakin gwaji babu ita. Tana da araha, ana iya yanka kowane falle gida uku ko huɗu, kuma ita ce abin gwada iskar gas: a jiƙa ta da ruwa mai tsabta a kara a bakin kwalbar gwaji, amoniya ta mayar da ja shuɗiya, kulorin kuma ya fara jan shuɗiyar sannan ya kore launin gaba ɗaya ta koma fara. Irin waɗannan bayanai ne ɗalibi yake rubutawa a firaktikal na WAEC da NECO. Ba ta lalacewa da wuri in an rufe ta a kwalba busasshiya. Abin da yake kashe ta shi ne ajiye ta kabad ɗaya da kwalbar HCl ko ta amoniya. Tururinsu kaɗai ya isa ya juya mata launi kafin a buɗe ta. Haɗari kusan babu, sai dai a hana yara riƙe ta da jiƙaƙƙen hannu.

Takardar pH mai launuka

Wannan haɗin manunai ne da yawa a takarda ɗaya (manuni shi ne sinadarin da launinsa yake sauyawa da pH), tana zuwa da jadawalin launi daga 1 zuwa 14: ja a asid mai ƙarfi, ruwan lemo da rawaya a mai rauni, kore a tsakiya, shuɗi, sannan shunayya a alkali mai ƙarfi. Ta fi litmos tsada kaɗan, amma tana amsa tambaya ta farko da ta biyu a lokaci guda, ko da yake lamba cikakkiya take bayarwa, ba ta bambance 6.2 da 6.6.

Inda nake ganin ba ta da na biyu shi ne darasin gishiri. Yara suna shigowa aji da tunanin cewa duk gishiri tsaka-tsaki ne, tunda daga haɗuwar asid da bes ya fito. Sai ka narkar da gishiri iri uku a kofuna uku. Gishirin miya, NaCl, wanda ya fito daga asid mai ƙarfi da bes mai ƙarfi, zai nuna wajen 7. NH₄Cl, wanda asid ɗinsa mai ƙarfi ne bes ɗinsa mai rauni, zai nuna wajen 5. Na₂CO₃ kuma, da bes ɗinsa ya fi ƙarfi, zai haura zuwa wajen 11. A nan ne nake fito da kanwa daga aljihu, irin ungurnu da ake kawowa daga ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi, in ce su gwada. Kanwa gishiri ce a wurin masanin kemistiri, yawancinta Na₂CO₃ ne da NaHCO₃, kuma takardar za ta tafi ɓangaren shuɗi. Daga ranar yaro ya san dalilin da ya sa mahaifiyarsa take jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami. Litmos za ta nuna wani abu a wannan gwaji, amma a kan NH₄Cl jan da take yi ba shi da kaifi, yara sukan yi ta gardama.

Rauninta uku ne. Laima tana ɓata ta, don haka a damina sai an rufe ta ruf. Jadawalin yana koɗewa idan rana ta daɗe tana dukansa. Sannan ba ta aiki a ruwa mai launi: tsoma ta a ruwan baba na marinar Ƙofar Mata, wanda alkali ne saboda tokar da ake zubawa, shuɗin rini za ka gani, ba na pH ba. A taitareshan kuwa ba ta da amfani, don launinta yana bin matakai ne, ba ya juyawa farat ɗaya.

Metil orenj da fenolftalin

Su ne masu amsa tambaya ta uku, kuma su na ce wa ɗalibina ya fara sa wa a kwando. Kowannensu yana juya launi a ɗan siririn wuri. Metil orenj ja ne ƙasa da pH 3.1, rawaya sama da 4.4. Fenolftalin, wanda Adolf von Baeyer ya haɗa a 1871, ba shi da launi ƙasa da 8.2, daga nan zuwa 10 sai ya zama ruwan hoda.

Wanda za a ɗauka ya danganta ne da abin da ake haɗawa. Asid mai ƙarfi da bes mai ƙarfi, kamar HCl da NaOH, kowanne ya yi, domin a daidai ƙarshe ɗigo ɗaya ko biyu suna tsallakar da pH daga wajen 10 zuwa wajen 4. Asid mai ƙarfi da bes mai rauni, kamar HCl da amoniya, ƙarshensu yana ɓangaren asid, sai metil orenj. Asid mai rauni da bes mai ƙarfi, kamar ruwan khal da NaOH, ƙarshensu yana kusa da 9, sai fenolftalin. Akwai tarkon da na ga ya kama malamai, ba ɗalibai kaɗai ba: HCl da Na₂CO₃. Idan ka sa fenolftalin, launin zai ɓace a rabin hanya, lokacin da Na₂CO₃ ya koma NaHCO₃, sai ka karanta rabin adadin asid ɗin da ake bukata, lissafi ya rushe daga tushe. Metil orenj ne yake jira har a gama. Shi ya sa in dole sai ɗaya za a saya, metil orenj nake cewa, don ya fi yawan fitowa a taitareshan ɗin jarrabawarmu.

Ta fuskar kuɗi, kwalbar garin tana iya yi maka tsada a ido, amma yi lissafi. Giram 0.1 na metil orenj ake narkarwa a ruwa 100 cm³. Ɗigo 2 ko 3 ake sa wa a kowane gwaji, kuma kusan ɗigo 20 ne suke cika 1 cm³, ke nan wannan ɗan haɗin zai yi gwaji sama da 600. Kwalba mai giram 25 za ta ba da lita 25. Makarantu uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su raba kwalba ɗaya, kuma garin yana shekaru in ba ruwa ya taɓa shi. Shi fenolftalin ba ya narkewa sosai a ruwa, sai an haɗa da etanol: giram 0.5 a etanol 50 cm³, a ƙara ruwa 50 cm³. Etanol yana kama wuta kuma yana tsere wa kwalbar da ba a toshe da kyau ba, musamman a watan Afrilu.

Sauƙi fa? Nan akwai aiki. Juyawar fenolftalin kowa yana ganinta, amma ta metil orenj, daga rawaya zuwa ruwan lemo, sai ido ya saba. Yaron da bai taɓa ganinta ba sai ranar jarrabawa zai yi ta zuba asid har ruwan ya yi jajir, ya wuce wurin. A sa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar, a tsaya kusa da taga, kuma a hana su zuba manuni da yawa don wai launi ya fito. Haɗarinsu ya fi na takardu: metil orenj guba ne in an haɗiye, fenolftalin kuma da ana sa shi a maganin wankin ciki har aka janye shi a ƙasashe da dama saboda zargin yana jawo sankara. Malami ne zai auna garin da hannunsa, yara su karɓi narkakken a 'yar kwalbar ɗiga. Kuma kada a bar yaro ya zuƙi alkali da baki ta fifet, wato siririn bututun gilashin da ake ɗebo ruwa gwargwado da shi.

Mitar pH

Arnold Beckman ya ƙera irinta ta farko da ta shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1930, don masu sarrafa lemon tsami a Kalifoniya. Ita ce ta fi kowa iya amsa tambaya ta biyu: lamba take bayarwa har da ɗigo, ba ruwanta da launin abin da aka tsoma ta, kuma da ita ɗaliban ajin ƙarshe za su iya zana layin yadda pH yake sauka a taitareshan da hannunsu. Ban raina ta ba ko kaɗan.

Matsalar ita ce mita kamar dabbar kiwo take, kullum tana son kulawa. Bakinta ɗan ƙwan gilashi ne siriri, dole ya zauna a jiƙe cikin ruwan KCl. In ya bushe sai karatu ya riƙa yawo, in kuma aka ajiye shi a tataccen ruwa shi ma lalacewa yake. Kafin aiki sai an saita ta da ruwan bafa, wato ruwan da aka san pH ɗinsa daidai kuma ba ya saurin sauyawa. Ƙananan masu kama da alƙalami sukan zo da ƙullin gari na 4.01 da 6.86 da 9.18, a narkar da kowanne a tataccen ruwa 250 cm³, kuma in sun ƙare sai an sake saye. Ga batir. Ko da kulawa mai kyau bakin gilashin shekara ɗaya zuwa biyu yake yi. Na taɓa buɗe kabad a wata makaranta da na koyar na tarar da mita biyu a kwalayensu, an saye su da kyakkyawar niyya, dogon hutu ɗaya ya busar da su. Abin da ya fi damuna da mitar da ba a saita ba shi ne tana ba da lambar ƙarya da cikakken ƙarfin hali, yaro kuma ya fi yarda da allo mai lamba fiye da idonsa.

Akwai wani abu da mai mita ya kamata ya sani. Cewa tsakiya 7 ce, a zafin digiri 25 ne. A digiri 40, wanda ba baƙo ba ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, tsakiyar tataccen ruwa tana wajen 6.8, ba don ya zama asid ba. Ga aji mai yara sittin kuma, mita ɗaya tana nufin yaro ɗaya yana aiki, hamsin da tara suna miƙa wuya. Haɗarinta ga lafiya kaɗan ne. Haɗarinta ga aljihu shi ne faɗuwa ɗaya daga tebur.

Zoɓo, da kurkum a gefe

Wannan ba dabarar talauci ba ce. Tun 1664 Robert Boyle ya rubuta yadda ruwan wani fure yake ja a asid, yake kore a alkali. Jan zoɓorodo yana ɗauke da sinadarin antosayanin, irin wanda yake cikin jan kabeji, kuma siffarsa tana sauyawa da pH: ja mai haske a asid, ya dushe zuwa shunayya a kusa da tsakiya, kore a alkali, in alkalin ya yi ƙarfi ƙwarai ya tafi rawaya daga baya.

Haɗa shi ba wuya: cikin tafi ɗaya na busasshen zoɓo, a zuba masa ruwan zafi, a bar shi minti goma, a tace, ba sukari ba citta. Sai a jera kofuna masu haske da ruwan lemon tsami, ruwan tsamiya, nono, ruwan sha, ruwan kanwa, ruwan toka, ruwan sabulu, a ɗiga a kowanne. Gani ya kori ji. Ban taɓa yin wannan darasi ajin ya yi shiru ba, kuma washegari sai ka ji wata ta ce ta gwada a gida ta nuna wa ƙannenta. Kuɗinsa ba ya kai na ƙwallon sabulu, kowane rukuni na yara biyar zai sami nasa.

Amma yana da hali ɗaya da dole a sani: shi kansa zoɓo mai tsami ne, pH ɗinsa yana ƙasa da 3. In ka zuba da yawa a ruwan rijiya, tsaminsa ne zai rinjaya, kofi ya yi ja, yaro ya rubuta cewa ruwan asid ne. Don haka a sirka shi sosai, a sa ɗigo kaɗan. Ba ya kuma daɗewa. Kwana biyu ko uku a zafi ya fara lalacewa. Maganin wannan shi ne a jiƙa farar takardar tacewa a ciki, a shanya a inuwa, a yanka, a rufe a kwalba. Lamba kuwa ba ya bayarwa, launinsa kuma yana bambanta daga wannan zoɓo zuwa wancan. A taitareshan na asid mai ƙarfi da bes mai ƙarfi yana iya nuna ƙarshe don koyo, amma ba zan shirya ɗan jarrabawa da shi kaɗai ba, tunda ba launinsa zai tarar a zauren ba.

Kurkum rabin aiki yake yi: rawaya a asid da tsakiya, ja mai duhu a alkali. Shi ne dalilin da tabonsa a riga yake ja da zarar sabulu ya taɓa shi.

Haɗarin zoɓo ba a jikinsa yake ba. Abin sha ne da yara suka sani, sai hannu ya kai baki. Dokar ɗakin gwaji tana nan: ba a ɗanɗana komai, ko da daga kicin ya fito. Kuma kada a ce yara su kawo ruwan batir, bilic ko sodar yin sabulu daga gida.

| Kaya | Abin da yake faɗa | Kuɗi | Ƙarko | Babban aji | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Litmos | asid ko bes, gwajin gas | araha | yana daɗewa a bushe | ya dace | kusan babu |
| Takardar pH | pH a cikakkiyar lamba | matsakaici | laima na ɓata ta | ya dace | kusan babu |
| Metil orenj | ƙarshen taitareshan, 3.1 zuwa 4.4 | tsada sau ɗaya, auki sosai | shekaru | sai an saba | guba in an haɗiye |
| Fenolftalin | ƙarshen taitareshan, 8.2 zuwa 10 | haka nan, ga kuɗin etanol | garin yana daɗewa | launi a fili | wuta, kada a haɗiye |
| Mita | pH har da ɗigo | mafi tsada, tana ci gaba da ci | shekara 1 zuwa 2 | ba ta isa | saurin fashewa |
| Zoɓo | asid ko bes, da ɗan mataki | kusan kyauta | kwana 2 zuwa 3 | ya fi kowa | a hana ɗanɗanawa |

Wa ya kamata ya ɗauki me

Mai koyar da ƙaramar sakandare, ko uwa ko uba da yake son ya nuna wa yaro abin a gida, zoɓo da kurkum sun ishe shi, in ya ƙara da ɗan littafin litmos ja da shuɗi don yara su san sunan da za su gani a takarda.

Mai ajin farko da na biyu na babbar sakandare, inda ake shiga ma'aunin pH da halayen gishiri, takardar pH mai launuka ce tasa. A nan kuɗinta yake fita.

Mai 'yan ajin ƙarshe da jarrabawa a gabansu, jerin a wurina ba ya canzawa: metil orenj, litmos, sannan fenolftalin. In canji ya rage, a ƙara biyuret, wato dogon bututun gilashi mai famfo da ake ɗiga asid da shi, da fifet, don manuni ba ya amfani ga yaron da bai taɓa riƙe famfon biyuret da hannunsa ba.

Mita kuwa ta wanda lamba take da sakamako a wurinsa ce, kuma yake da mai kula da ita duk mako: makarantar da ta riga ta cika sauran kaya kuma take da ma'aikacin ɗakin gwaji, ɗalibin da yake aikin bincike a kan ƙasar noma, mai kiwon kifi, ko mai sana'ar ruwan leda da dole ruwansa ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5 kamar yadda ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta tanada. Shi ma ya sayi bafa da ruwan KCl na ajiya rana ɗaya da mitar.

Ɗalibin nawa ya koma shagon ya ɗauki ƙaramar kwalbar metil orenj, litmos kala biyu, takardar pH guda biyu da biyuret ɗaya. Fenolftalin ya samo ɗan kaɗan a wurin malamin wata makaranta da ke kusa, ya ba shi metil orenj a madadinsa. Zoɓo kuma a bakin kasuwa ya saya a hanyarsa ta komawa gida.